Ɗan Katanga da Aikin Bankin Zuba Jari: Hanya da Sharuɗɗanta

A cikin watan Maris na shekarar 2024 Babban Bankin Nijeriya ya ba da umurni cewa kowane bankin kasuwanci da ke da izinin hulɗa har ƙasashen waje ya ɗaga jarinsa zuwa naira biliyan 500, wanda ke aiki a cikin ƙasa kaɗai ya kai biliyan 200, aka kuma yanka musu wa'adi zuwa ƙarshen Maris na 2026. Da yake kuwa dukiya irin wannan ba ta kwance a aljihun kowa, sai bankunan suka dunguma kasuwar hannun jari suna kiran jama'a su zo su sayi rabo a cikinsu. Mai karatun jarida ya ga hotunan shugabanni suna sa hannu suna murmushi, amma bai ga mutanen da suka kwana suna lissafin farashin da ya dace da kowane hannun jari ba, waɗanda suka rubuta littafin bayanin da hukuma za ta bincika, suka bi manyan masu dukiya ofis ofis har ciniki ya faɗa. Waɗannan su ne ma'aikatan bankin zuba jari, aikinsu kuwa ya shiga bakin ɗalibanmu masu karatun kasuwanci da tattalin arziki da akanta, saboda abin da suke ji game da kaurin albashinsa da darajar mutanen da ake zama da su. Mas'alar da ke gabanmu ita ce, yaron da ya tashi a Katanga ta ƙasar Jega, ko Aliero, ko Maiyama, ya sami gurbi a jami'ar Birnin Kebbi ko ta Sakkwato, shin akwai hanyar da za ta kai shi wannan aiki, in kuwa akwai, mene ne sharuɗɗanta, me kuma za ta ci masa?

Wajibi ne a fara rarrabe abu biyu waɗanda sunan banki ya gama, gama yawancin iyaye, idan ɗansu ya ce aikin banki yake so, abin da ke faɗo musu a rai shi ne reshen nan na bakin titi inda ake ajiya ana cira, ma'aikaci na zaune bayan gilashi yana ƙirga kuɗin mutane. Bankin zuba jari ba shi da wannan layi, ba ya kuma neman ƙananan ajiya. Sana'arsa ita ce ya tsaya tsakanin mai buƙatar jari mai yawa, kamfani ne ko gwamnati, da masu dukiyar da ke neman inda za su sa ta, ya kimanta abin da za a sayar, ya tsara sharuɗɗan ciniki, ya shaida wa kowane ɓangare gaskiyar ɗayan, sa'an nan ya karɓi la'adarsa. Mutumin Jega bai kamata wannan ya zame masa baƙon abu ba, domin tun da Buhari ɗan Abdussalami ya kafa garin a farkon ƙarni na 19, kasuwarsa ta bunƙasa har ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin ƙasar Gwandu, fatake masu zuwa Gwanja sayen goro suna yada zango a cikinta, baƙo mai kaya ba ya shiga kasuwa ya yi ciniki da ka, sai ya sauka gidan fatoma, wanda ya san mai saye na ƙwarai da mai cin bashi, ya san kimar kaya a wannan mako, ya kuma iya tsaya wa baƙonsa idan za a ba da kaya lamuni. Abin da fatoma da dillalansa suke sayarwa, watau amana da sanin mutane da sanin kima, shi ne har yau abin da bankunan zuba jari na Legas suke sayarwa, illa dai kayan sun zama kamfanoni, ƙirgar kuma ta koma biliyoyi.

Misali na kusa shi ne kamfanin siminti na Sakkwato, wanda aka kafa a 1962 a Kalambaina. A 2018 aka haɗe shi da sabon kamfanin siminti da rukunin BUA ya gina a nan kusa da shi, sa'an nan aka sake haɗe su da kamfanin Obu na jihar Edo, aka shigar da gamayyar a kasuwar hannun jari cikin Janairu 2020 da sunan BUA Cement. A kowane ɗaya daga cikin matakan nan sai da wani ya zauna ya amsa tambaya mai wuya: tsohon mai hannun jari a kamfanin Sakkwato, wanda watakila ya gaji takardarsa daga mahaifinsa, rabo nawa ya cancanta a sabon kamfani, ta yadda ba a zalunce shi ba, ba a kuma zalunci wanda ya kawo sabuwar masana'anta ba? Amsar tana buƙatar a ƙiyasta simintin da kowace masana'anta za ta sayar shekaru masu zuwa, da abin da za ta kashe a kan makamashi da sufuri, da bashin da ke kanta, a mayar da duka zuwa kimar yau. Wannan lissafi, da rubuta shi yadda hukuma da kotu da taron masu hannun jari za su gamsu, shi ne ainihin aikin, ƙaramin ma'aikaci kuwa shi ke ɗaukar mafi nauyinsa.

Amma fa sai ɗalibi ya san cewa gidajen kaɗan ne, kusan dukansu kuma a Legas suke, a tsibirin Victoria da Ikoyi. An kafa kasuwar hannun jari ta Legas a 1960, ta fara ciniki a 1961, ta buɗe reshe a Kaduna a 1978 da Kano a 1989, duk da haka zuciyar al'amarin ba ta taɓa barin bakin teku ba. A can Atedo Peterside ya kafa IBTC a 1989 yana da shekara 33, wanda ya zama Stanbic IBTC a 2007. A can Bolaji Balogun ya kafa Chapel Hill a 2005. A can Coronation da FSDH da Rand Merchant Bank da takwarorinsu suke. Kowane gida a shekara yakan ɗauki sababbin yara 'yan ƙalilan daga cikin ɗimbin masu nema. Ba a kuwa rufe wa ɗan Arewa ƙofar ba: Sanusi Lamiɗo Sanusi, bayan ya karanta tattalin arziki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, a irin wannan banki ya fara, watau ICON, a 1985, kafin ya bi ta UBA da First Bank ya zama Gwamnan Babban Banki a 2009. Sai dai kada a manta shi ɗan gidan sarautar Kano ne, mahaifinsa babban ma'aikacin gwamnatin tarayya, ya kuma yi sakandare a King's College ta Legas. Ya san garin, garin ya san shi, abin da ɗan manomin Katanga ba shi da shi ke nan.

A ganina, a nan cikas ɗin yake, ba a ƙarancin basira ba. Yaron da ya iya raba gado a zaure, ya fitar da sudusi da sumuni da ka, lissafin riba da faɗuwa ba zai gagare shi ba. Abin da ke kayar da shi abu ne da ya shafi lokaci da labari. Ɗalibin Jami'ar Legas tun yana aji biyu ya san sunayen gidajen nan, ya san watan da suke buɗe neman masu koyon aiki na hutu, yana da yaya ko maƙwabci a ciki da zai duba masa takardarsa. Namu kuwa sau da yawa ba ya jin sunan aikin sai ya gama bautar ƙasa, alhali waɗanda za a ɗauka an riga an gwada su tun hutun aji uku. A London da New York al'adar ta fi haka tsanani, domin Goldman Sachs da JP Morgan mafi yawan sababbin ma'aikatansu daga cikin waɗanda suka yi musu koyon aiki na bazara suke zaɓa, neman wannan gurbi kuwa ana fara shi shekara guda ko fiye kafin lokacinsa. Sa'an nan ga sharaɗin shekaru: bankunan Nijeriya da yawa sukan ƙayyade cewa sabon ɗauka kada ya wuce shekara 26 ko 27, ɗanmu kuwa ya fara boko a makare, ya yi jiran gurbi, yajin aikin malaman jami'a ya ci masa wata tara a 2020 da wata takwas a 2022, sai ya fito da digiri mai kyau a hannu da shekarun da suka riga suka hana shi.

To, tun da ciwon na lokaci ne, maganinsa sammako. Ɗalibin da ke da wannan buri ya kamata ya ƙulla niyya tun shekarar farko, ya san cewa darajar digiri ita ce matata ta farko da ake tace masu nema da ita kafin wani mutum ya karanta sunansa, wanda bai kai daraja ta biyu ta sama ba kuwa da wuya takardarsa ta wuce. Jarrabawar aji ɗaya da ake rainawa tana shiga lissafin ƙarshe daidai da sauran. Bayan wannan sai ilmin akanta, wanda shi ne nahawun wannan sana'a, wanda duk bai ƙware a cikinsa ba zai yi ta lahani har ya bar aikin. Ba haddar ma'anoni don jarrabawa nake nufi ba. Nufina ya iya ɗaukar rahoton shekara na kamfani, ya bi takardar riba da ta kadara da bashi da ta shige da ficen kuɗi, ya ga yadda suke ɗaure da juna, har ya gane dalilin da kamfani zai ba da labarin riba alhali aljihunsa babu kuɗi. Littattafan wannan darasi kyauta suke: duk kamfanin da ke kasuwar hannun jari dole ne ya buga rahotonsa, na Dangote Cement da BUA Foods da MTN Nigeria da Jaiz duk suna intanet, wayar hannu ta isa a sauke su. Sai manhajar Excel, wadda a kanta ake yin kusan dukan lissafin, wadda kuma ba ta koyuwa a waya, saboda haka kwamfuta ko tsohuwa ce ta fi masa sabuwar waya amfani nesa ba kusa ba. Sai Turanci na rubutu, gajere mai tsabta, gama rabin aikin rubutu ne, kuma a nan ne yaranmu masu kaifin lissafi suka fi faɗuwa, saboda kunyar yin kuskure a gaban mutane ta hana su buɗe baki tun suna sakandare. Wanda ke karatun lissafi ko kwamfuta a jami'ar jiha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, kada ya ɗauka an bar shi a baya, domin gidajen nan ba su damu da sunan fanni ba idan mutum ya iya aikin.

Game da takardun ƙwarewa ana yawan ruɗa yara. Jarrabawar CFA, mai hawa uku, ita ce ta fi suna a duniya, amma da dala ake biyanta, tun da naira ta faɗi a 2023 kuwa kuɗin hawa ɗaya ya fi ƙarfin yawancin gidajenmu. Ba hikima ba ce a sayar da gona dominta tun yaro bai sami aiki ba, alhali wasu ma'aikatu sukan taimaka wa nasu da kuɗinta bayan sun shiga. Jarrabawar ICAN ta akantoci, da ta cibiyar dillalan hannun jari, CIS, da naira ake biyansu, ana kuma girmama su a Legas, ɗayarsu ta isa ta nuna cewa mai neman da gaske yake.

Wanda bai sami shiga ta babbar ƙofa ba, ba shi ke nan ya rasa ba, mafi yawan 'yan nesa ma ta gefe suke shiga. Shekara biyu ko uku a ɗaya daga cikin manyan gidajen binciken kuɗi, KPMG ko PwC ko Deloitte ko EY, ko a kamfanin dillancin hannun jari, ko a kamfanonin kula da kuɗin fansho, waɗanda dukiyar da ke hannunsu ta haura naira tiriliyan 20 a 2024, su ne kuma manyan masu sayen abin da bankunan zuba jari ke fitarwa, ko a hukumar kula da kasuwar hannun jari, SEC, da Ofishin Kula da Basussuka a Abuja, duk makarantu ne da ake fitowa daga cikinsu a koma wancan aiki. Zancen masauki a Legas kuwa, wanda ke tsorata iyaye, yana da sauƙi fiye da yadda ake zato: titin da ya ratsa Jega da Maiyama ya bi ta Koko da Yawuri da Kwantagora shi ne motocin albasa ke bi zuwa kasuwar Mile 12, da wuya kuma a rasa wani na gida a can ko a Agege da zai ba yaro tabarma na wata uku.

Yanzu sai mas'alar da ta fi duka nauyi a wurinmu, wadda littattafan Turawa ba su san da ita ba, watau riba ta ruwa. Aikin bankin zuba jari ba hukunci ɗaya gare shi ba. Ba da shawara a kan haɗewar kamfanonin siminti, ko sayar da hannun jarin kamfanin da sana'arsa halal ce, dillanci ne da ijara, malamai da yawa ba su ga laifinsa ba. Amma tsara takardun lamuni masu ruwa, waɗanda kashi ne babba na cinikin gidajen nan, ya faɗa cikin abin da Alƙur'ani ya haramta, hadisi ingantacce kuma bai tsaya ga mai ci da mai bayarwa ba, ya haɗa da marubuci da shaidu, ƙaramin ma'aikaci kuwa shi ne marubucin. Sabon ɗauka ba shi da ikon zaɓen cinikin da za a ɗora masa. Yau hannun jari, gobe lamunin kamfanin giya. Saboda haka wajibi ne ɗalibi ya warware wannan da kansa tun bai nema ba, ya tambayi malamin da ya san fiƙihu ya kuma san yadda kasuwar take, domin wanda ya shiga da shakka a zuciya, ko dai ya fita bayan shekara guda ya yi asarar wahalarsa, ko ya zauna yana danne zuciyarsa, duka biyu kuwa ba alheri.

Sai dai a daidai wannan wuri mai ƙunci ne Allah ya buɗe wata ƙofa wadda kakanninmu ba su gani ba. Hajara Adeola ta kafa Lotus Capital a 2004 don juya dukiya bisa shari'a. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, Lotus Bank a 2021. Jihar Osun ta fitar da sukuk na naira biliyan 11.4 a 2013. A Satumba 2017 gwamnatin tarayya ta fitar da nata na farko, na biliyan 100, na shekara bakwai, don gina hanyoyi, a 2021 kuma ta fitar da na biliyan 250. Tsarinsa ijara ce: kuɗin jama'a ya gina hanya, masu takardun su ne masu mallakar amfaninta, gwamnati ta yi haya tana biya duk wata shida, a ƙarshen wa'adi ta saye ta mayar musu da uwar kuɗinsu. Akwai malaman da ke tambaya ko wannan ya rabu da lamuni rabuwa ta haƙiƙa ko ta suna, tambaya ce kuwa mai hujja, ita kanta tana nuna irin mutanen da ake buƙata, watau waɗanda za su zauna da lauya da akanta da majalisar malamai su fahimci harshen kowa. Yaron da ya bi Ahalari da Ishmawi da Iziyya har ya kai Risala da Askari ya riga ya haɗu da babin ciniki, da ƙiradi, da salam, da garari, abubuwan da takwaransa na Legas sai ya biya kuɗi a koya masa su da Turanci. Abin takaici dai shi ne yawancinmu da mun gama babin salla da azumi sai mu naɗe littafi, kamar mu'amala ba addini ba ce. Jami'ar Bayero ta Kano tana da cibiya ta musamman ta nazarin banki da hada-hadar kuɗi na Musulunci, ga wanda yake so ya ɗora.

Akwai kuma wani jari na biyu da ɗan Katanga ke takawa kullum bai san kuɗi ba ne. A Nuwamba 2015 a Kebbi Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa bashi na Babban Banki, a 2016 aka yi shinkafar Lake tsakanin Legas da Kebbi, a 2017 aka buɗe masana'antar WACOT a Argungu. Bashin nan kuwa kaso mai yawa nasa bai dawo ba, ambaliyar 2020 ta cinye gonaki masu ɗimbin yawa, masu jari suka koyi cewa lissafin noma da aka yi a ofis mai sanyi ba ya jure wa fadama. Wanda zai kimanta masana'antar shinkafa yana buƙatar sanin abin da man injin ban ruwa ke ci wa manomi a rani, da yadda ɗan tsakiya ke sayen shanshera tun tana gona, da dalilin da manomi zai karɓi taki ya sayar. Shawarata ga ɗalibi ita ce ya sayi littafi, shekara guda cur ya riƙa rubuta farashin buhun albasa a Aliero kowane mako, da kuɗin mota zuwa Legas, da abin da ke ruɓewa a rumbu tsakanin girbi da damina, ya zuba a Excel, ya rubuta shafi biyar a kan ko gina ma'ajiya ta zamani zai biya mai jari. Mai tantance masu neman aiki ya ga ɗaruruwan takardu masu cewa mai su haziƙi ne. Irin wannan kuwa bai taɓa gani ba, kamfanoni irin su AFEX masu cinikin amfanin gona ma abin da suke nema ke nan.

Kada kuma a ɓoye wa yaro tsadar abin. A 2021 wasu sababbin ma'aikatan Goldman Sachs sun rubuta kuka cewa suna aiki kimanin awa 95 a mako. Na Legas bai kai haka kullum ba, amma idan ciniki ya matso kwana a ofis ba labari ba ne, ga cunkoson hanya, ga kuɗin haya da ke cinye rabin abin da aka yi wa murna, ga nisa da iyaye ranar salla da ranar rasuwa. Ba kowane haziƙi wannan rayuwa ta dace da shi ba, wanda ya zaɓi koyarwa ko ya koma ya gyara kasuwancin gidansu da ilminsa bai gaza ba.

Hukuncina shi ne hanyar tana nan, ƙunci gare ta, kuma ta fi buɗuwa ga ɗanmu ta wajen sukuk da noma fiye da ta wajen kwaikwayon ɗan Legas a abin da ya fi shi sabo da shi. Roƙona ga attajiran Jega da Aliero da Maiyama, da hukumar ba da tallafin karatu ta jihar Kebbi, su duba ɗalibai maza da mata na aji biyu da aji uku masu kyakkyawan sakamako, su saya musu kwamfuta, su biya musu kuɗin jarrabawar ICAN ko CIS, su kuma ɗauki nauyin zamansu na wata uku a Legas ko Abuja lokacin hutu, tun shekarunsu ba su wuce ƙa'ida ba.